Kinshasa: na taka filin da Ali ya kashe Foreman

Ni dai ba dambe ne ya kai ni Kinshasa babban birnin Kongo ba, harkar kaya ce ta maigidana, ƙafa ta matsa masa yace in je in wakilce shi. Amma duk wanda ya san ni ya san in ana maganar naushi ba'a barina a baya, tun muna yara ake korar mu daga gidan dambe mu zagaya mu dawo ta katanga, da na girma kuma boksin ya zo ya haɗu da na gargajiyan a kaina. Shi yasa tun muna zaune a Addis muna jiran canjin jirgi lissafin da nake ba na kaya bane kaɗai, ina ta ƙulla yadda zan saci jiki in je in ga filin nan da Muhammad Ali ya kashe George Foreman a 1974.

Kana sauka a filin jirgin N'djili abu na farko da za'a tambaye ka katin rigakafin shawara, in baka da shi to ka shiga uku tun kafin ka ga gari. Daga nan sai titin Lumumba, wanda ni dai ban taɓa ganin go-silo irin nasa ba kuma na sha zama Legas. Motoci masu ruwan ɗorawa, 'yan acaɓa da suke kira wewa suna kutsawa ta ko'ina, mutane a ƙafa sun fi motocin sauri, ga wani mutum-mutumin ƙarfe dogo a tsakiyar mararraba wai shi ke bada hannu, kuma abin mamaki wasu direbobin sun fi jin maganarsa akan ta ɗan sanda. Kuɗi biyu ke yawo a garin, faran ɗinsu da dalar Amurka, dalar ma in ta ɗan yage ko ta tsufa sai a miƙo maka abinka ba ko kunya.

Masaukina gidan wani Alhaji ne mutumin Damagaram da ya daɗe a can har gemu ya yi fari a garin, 'ya'yansa duk a can aka haife su, Lingala da Faransanci a bakinsu kamar me, Hausar ce dai take ɗan ɗingishi. Ranar da na faɗa masa ina so in je filin damben, wanda yanzu ake kira Tata Raphaël, dariya yayi yace "ɗana, kai da aka aiko karɓar kuɗi me ya haɗa ka da tsohon fili?" Nace "Baba Alhaji ai gani ya kori ji." Sai ya kira autansa yace ya raka ni da sassafe bayan asuba, don in rana ta ɗaga masu tirenin sun watse.

Filin yana ƙaramar hukumar Kalamu, kusa da Matonge unguwar kiɗa da raye-raye. Turawan Beljiyam ne suka buɗe shi a 1952 da sunan sarkinsu Baudouin, shugaban ƙasar Mobutu ya mayar da shi Filin 20 ga Mayu, sunan da yake ɗauke da shi kenan lokacin damben, sai a 1997 aka sa masa sunan wani fada da ya yi wa wasanni hidima a garin. Yanzu babban filinsu Stade des Martyrs ne, wannan ya zama tsoho, duk da an ɗan yi masa kwaskwarima saboda wasannin ƙasashe masu jin Faransanci da aka yi a 2023. In ka zo da tunanin zaka ga wani gidan tarihi da gilasai da safar hannun Ali a rataye to ka sauke buri. Siminti ne, da dogayen ƙarafan fitilu, da yara masu ƙwallo. Abinda ya rage na dambe a wurin mutanen ne, samari har da 'yan mata sun yi layi suna naushin iska, wasu ba takalmi, safar hannu ɗaya mutum uku na karɓa-karɓa, gumi na zuba tun rana bata fito ba.

Mai koyar da su wani dattijo ne siriri, hancinsa ya baje irin na wanda ya sha naushi a rayuwa. Auta ya gaishe shi da "Papa" yayi masa bayanin daga Najeriya nake, nan take ya saki fuska, ya ja mu har cikin filin ya nuna mana inda yace nan aka kafa dandamalin. Yace shi yana yaro lokacin, babu kuɗin tikiti, a waje suka kwana suna ihun "Ali bomaye", wato Ali kashe shi, tare da na ciki. Kowane tsoho a Kinshasa zai ce maka yana wurin, Auta ma sai da ya ƙifta min ido, amma ni ban damu ba, labarin a bakinsa yana da daɗi.

Ga waɗanda basu san yadda abin yake ba, a lokacin Ali ake kira tsoho. Shekararsa 32, an riga an cinye masa shekara uku da rabi na ganiyarsa saboda ya ƙi zuwa yaƙin Biyetnam, ƙafar nan da yake rawa da ita ta rage gudu. Foreman kuwa 25, dambe 40 ba'a taɓa cinsa ba, 37 daga ciki kisa ne. Joe Frazier da ya taɓa doke Ali, Foreman ya kai shi ƙasa sau shida cikin turmi biyu a Jamaika. Ken Norton da ya karya wa Ali muƙamuƙi shi ma turmi biyu ya yi a hannunsa. Mutane tsoro suke kar a yi gawa ta gaske. Don King ya haɗa wasan, Mobutu ya tsaya aka samu kuɗin, dala miliyan 5 kowannensu. Da a watan Satumba za'a yi sai Foreman ya samu tsaga a saman ido wurin tirenin aka ɗaga zuwa 30 ga Oktoba, aka kuma sa shi ƙarfe 4 na asuba don Amurkawa su kalla da daddare. Agogon Kinshasa ɗaya ne da namu, wato lokacin da ladanan Kano ke shirin kiran assalatu su kuma mutum wajen dubu 60 na nan suna ihu.

Dattijon yace tun daga filin jirgi Foreman ya ɓata rawarsa da tsalle, ya sauko da ƙaton karen nan irin wanda 'yan sandan Beljiyam ke cuna wa mutane zamanin mulkin mallaka, shikenan gari ya juya masa baya. Sai ya jingina da wani ƙarfe ya rufe fuska da hannuwa yana gwada mana yadda Ali ya kwanta a jikin igiya ya bar Foreman yana ta jibga, haƙarƙari, damtse, ciki, turmi bayan turmi, shi kuma yana raɗa masa baƙar magana a kunne yana ɗan sakar masa na dama a fuska in ya samu kafa. Zuwa turmi na 8 hannun Foreman ya yi nauyi, naushin ya koma turi, saura daƙiƙu kaɗan a buga ƙararrawa Ali ya zame daga igiya ya jera masa, na hagu ya ɗago kan, na dama ya sauka, ƙato ya yi juyi ya zube. Ba'a jima da tashi ba ruwan sama ya ɓarke. Yaran da ke tirenin duk sun tsaya suna kallon malaminsu, da alama sun ji labarin sau ba adadi amma da ya kai wurin faɗuwar sai da suka yi shewa.

To anan ne muka saɓa da shi. Nace Auta ya tambaye shi ra'ayinsa akan abinda Foreman yayi a 1994. Sai ya yarfa hannu yace sa'a ce kawai, yaron ne yayi wauta. Ni kuma wallahi in za'a bani zaɓi tsakanin kisan guda biyu na 1994 zan ɗauka, kuma ina tsaye a filin nan wanda aka kayar nake ta tunani fiye da wanda yayi kayen.

Ku duba fa. Mutumin nan ya bar Kinshasa a wulaƙance, ya shekara da shekaru yana kawo uzuri, igiya ce aka sassauta, alƙali ne ya yi saurin ƙirga, ruwan shansa ne aka sa wa wani abu. A 1977 Jimmy Young ya cinye shi da maki a Puerto Rico, ya shiga ɗakin canza kaya ya fito yace shi ya ga abinda ya gani, ya ajiye dambe ya koma wa'azin coci a Houston. Shekara 10 cur bai sa safar hannu ba. Sai a 1987 yana da 38, ga tumbi ga sanƙo, yace zai dawo don ya samu kuɗin riƙe cibiyar matasa da ya buɗe. Dariya aka dinga yi masa. Bai ce a kawo masa zakara ba, ƙananan 'yan dambe ya dinga bi gari-gari yana kashewa har sama da 20 kafin ya nemi kambu. Holyfield ya cinye shi da maki a 1991, Tommy Morrison ma ya cinye shi da maki a 1993, kowa yace to Baba a haƙura haka.

Ranar 5 ga Nuwamba 1994 a Las Vegas aka haɗa shi da Michael Moorer, bahago, shekara 26, bai taɓa faɗuwa wasa ba cikin 35, shi ne ya ƙwace kambun WBA da IBF a hannun Holyfield watanni kaɗan kafin nan. Foreman na da 45. Ya shigo da jan gajeren wandon da ya sa a nan Kinshasa, kuma a kusurwarsa akwai Angelo Dundee, mutumin da ke bayan Ali a daren da ya kashe Foreman. Turmi tara Moorer na wanke masa fuska, ido ya kumbura, alƙalai biyu sun ba Moorer 88 da 83, na ukun 86 da 85. Kocin Moorer, Teddy Atlas, yana ta faɗa masa kar ka tsaya a gabansa, ka dinga zagayawa, amma yaro ya ga tsoho baya gudu baya rama da yawa sai ya saki jiki ya dinga tsayawa daidai inda ake so. A turmi na 10 Foreman ya miƙa na hagu, ya biyo da wani gajeren na dama da ko a bidiyo sai ka maimaita kafin ka gan shi da kyau, ya sauka a haɓa. Moorer ya kwanta rigingine har aka gama ƙirga goma. Foreman ya juya kusurwa ya durƙusa.

Nace wa dattijon, Papa wannan ba sa'a bace, karatun da Ali ya koya masa a filin nan ne ya biya bayan shekara 20. A 1974 shi ne saurayi mai gaggawa da ya zubar da ƙarfinsa akan wanda ya fi shi haƙuri, a 1994 shi ne ya tsaya ya sha duka yana auna taku yana jan yaro zuwa hannun damansa. Duk wanda ya saba zuwa gidan dambe ya san wannan, tsohon ɗan dambe baya yawan tsalle-tsalle da kirari a fili, zai tsaya ne yana miƙa hannun tsaro yana kallon ƙafarka, turmi na farko ya wuce na biyu ya wuce kana ganin ka raina shi, sai ka ji ka a ƙasa makaɗa sun canza kiɗa. Ƙafa ce ke fara tafiya, numfashi ya bi ta, nauyin hannu kuwa shi ke ƙarshen barin mutum. Auta ya sha wahalar fassara wannan, na ga yana ta haɗawa da hannu.

Dattijon bai yarda ba amma ya ji daɗin musun, ya sa aka kawo mana benci. Ashe shi ma kundin tarihi ne. Shi ya kawo zancen Jersey Joe Walcott wanda ya nemi kambu sau huɗu yana faɗuwa, a na biyar yana da 37 ya kashe Ezzard Charles da ƙugiyar hagu ɗaya a turmi na 7 a 1951, tarihin da ya tsaya har sai da Foreman ya karya shi. Ni kuma na kawo Marquez ɗan Meziko da ya kifar da Pacquiao da fuska a turmi na 6 a 2012 yana da 39, bayan sun yi uku a baya bai ci ko ɗaya ba. Sai na yi tsokana nace ai ku ma nan an taɓa ku, Badou Jack yana da 39 ya tsayar da Ilunga Makabu a turmi na 12 a Saudiyya a 2023 ya tafi da kambun WBC. Kai jama'a! Ashe na taɓo gyambo, samarin nan suka taso da hayaniya kowa na magana lokaci ɗaya, don Makabu nasu ne, a nan Kinshasa ya ci kambun a 2020. Auta yace "Yaya don Allah ka bar maganar nan mu fita lafiya."

Amma akwai inda ni da dattijon muka haɗu, kuma shi ya fara faɗa. Yace matsalar labarin Foreman shi ne ya ruɗi tsofaffi da yawa. Kowa na tuna kisan da tsoho yayi, ba'a lissafa waɗanda aka fitar a wulaƙance, kuma sun fi yawa nesa ba kusa ba. Joe Louis bashin haraji ya dawo da shi, yana da 37 Rocky Marciano ya fitar da shi ta tsakanin igiya a 1951. Dick Tiger namu na Najeriya ya ci kambun ajin da ke ƙasa da masu nauyi yana da 37, abin alfahari, amma a 1968 Bob Foster ya kwantar da shi a turmi na 4. Bernard Hopkins da ya riƙe kambu har yana 49, wasansa na ƙarshe yana da 51 Joe Smith ya wurgo shi wajen dandamali ya faɗo ƙasa. Shi kansa Ali fa? Da a filin nan ya ajiye da an huta. Ya ci gaba, yaje Manila suka kusa kashe juna da Frazier a 1975, a 1980 yana da 38 Larry Holmes wanda a da yaron tirenin ɗinsa ne ya dinga dukansa har sai da Dundee ya hana shi fitowa bayan turmi na 10, bai daddara ba ya sake yi da Trevor Berbick a 1981 aka cinye shi. Ni har yau bana iya kallon na Holmes ɗin nan har ƙarshe.

Abinda masu cewa "ai Foreman ma yayi" ke mantawa shi ne shekara 10 ɗin nan da ya zauna ba wanda ya taɓa masa kai. Jikinsa kamar motar da aka ajiye a gareji ne aka lulluɓe, shekarunta da yawa amma bata ci hanya ba. Ali kuwa salon da ya ba shi nasara a Kinshasa, na tsayawa a sha duka, shi ya riƙe har ƙarshe, kuma kai baya manta abinda aka yi masa. Sannan Foreman ko a tsufansa ba'a sake kai shi ƙasa ba, ya yi na ƙarshe da Shannon Briggs a 1997 yana da 48, alƙalai suka ba Briggs, mutane da yawa na ganin an yi masa ƙwange, yayi murmushi ya tafi sayar da injin gasa namansa wanda ya kawo masa kuɗin da dambe bai ba shi ba. Dambe 81, ya ci 76, kisa 68. Ya mutu a Maris 2025 yana da 76, Ali kuma tun Yuni 2016, kuma kafin nan sun zama aminai sosai. Don haka da na ga Mike Tyson yana da 58 ya shiga da Jake Paul a 2024 yana jan ƙafa turmi takwas, ni ban ga jarumta ba, takaici ne ya kama ni na kashe wayar.

Na tambayi dattijon ko shi yaushe ya daina. Ya buɗe baki ya nuna min gurbin haƙora, yace matarsa ce ta ɓoye masa takalman dambe bayan wani yaro da bai kai ɗansa ba ya zaunar da shi a gaban 'yan unguwa. Amma yace har gobe a cikin yaran nan babu wanda zai yarda ya tsaya masa turmi ɗaya, yaran suka yi dariya, ba wanda ya musa kuma ba wanda ya matso. Ya sa na saka safar hannu in gwada buhu, na kai uku huɗu irin namu na gidan dambe da hannu ɗaya a baya, yace wannan wane irin tsayuwa ce, nayi masa bayanin zare da hannun tsaro da cewa mu in gwiwa ko hannu ya taɓa ƙasa an gama ba wani ƙirga goma. Yace to da da dokarku ake yi da Moorer bai sha wahalar kwanciya ba.

Da zamu tafi na ɗan saka masa wani abu a hannu na ruwan yara, ya karɓa yace in na sake zuwa in taho da safar hannu ko gwanjo ce, ita suka fi buƙata akan kuɗi. Daga nan Auta ya ja ni Matonge muka ci gasasshen naman akuya da suke kira ntaba a wurin wani musulmi da ya sani, da kwanga, rogo ne da ake naɗewa a ganye, yana da ɗan tsami sai ka saba. Na so in ƙarasa N'sele inda Ali ya yi zamansa a bakin kogin Kongo, amma hadari ya haɗo kuma Baba Alhaji ya bugo yace mutanen da nake jira sun iso shago, in ruwa ya sauko a garin nan hanya ta mutu sai dai gobe. Muka tare wewa biyu, Auta ya yi ciniki da Lingala, ya juyo yace in riƙe wayata da kyau kar in ciro ta a hanya.